Gwangwani Biyu da Siminti

Shekara goma sha tara ina zaune a Kwari
ina auna wa mutane yadi,
ban taɓa auna kaina ba,
sai ran da tela ya zagaya ƙuguna da tef,
ya yi shiru, ya rubuta, ya rufe littafi.

Likita kuwa bai yi mini kara ba.
Ya ce, Tasi'u, jininka ya hau,
zuciyarka na dakon buhun da ba nata ba.

Na dawo Gwammaja da takarda a aljihu.
Ba ni da kuɗin gidan motsa jiki,
ba ni da idon shiga cikin samari da gajeren wando.
Sai na samo manyan gwangwanayen madara biyu,
na cika su da simintin da ya rage daga gyaran soro,
na soka guntun bututun famfo a tsakaninsu.
Ƙanena Nafi'u ya turo jadawali ta waya:
kwana sittin, babu fashi sai Juma'a.

Ran farko, ana sallame asuba,
na hau saman bene na shimfiɗa tabarmar roba.
Dutsen Dala na kallona, bai ce uffan ba.
Na kifa ciki, na dafa ƙasa.
Ɗaya.
Biyu.
A na uku ƙasa ta ƙi sakina.
Tantabarun Malam Sagiru suka tashi gaba ɗaya,
har yau ina zargin dariya suka tafi yi.

Kwana huɗu, cinyoyina suka shiga yajin aiki.
Sujada da sauƙi, tasowar ce shari'a.
Liman ya tare ni bayan la'asar: Alhaji, lafiya?
Na ce, ita nake nema.

Bara'atu, autata, ita ce mai ƙirga.
Aji biyu take, ba ta san rangwame ba.
Ni da na saba ce wa mai tayi albarka,
ga ni ina roƙon ragi:
bar mini a sha biyar.
Ta ce, Baba, waya ta ce ashirin,
kuma a na sha ɗaya gwiwarka ta taɓa ƙasa.

Amma babban yaƙin ba a sama yake ba.
Yana bakin layi da magariba,
inda Ɗanjummai ke kwantar da tsire a kan gurasa,
ƙuli na ƙamshi, kitse na ɗiga a garwashi.
Na koma bi ta bayan masallaci
kamar wanda ake bi bashi.
Ran ashirin da uku na faɗi.
Na ci a tsaye, cikin duhu, har da ƙari,
na goge baki da hannun riga.
Kubura ta shinshina iska ta ce,
yau zogalen naka ya sha yaji.

Kwana biyu ban hau ba.
Gwangwanayen na can suna shan raɓa.
A na uku na buɗe ido, ga yarinya tsaye a kaina
da fensir a bayan kunne:
Baba, ana bin ka arba'in.

Yau kwana hamsin da ɗaya.
Teɓa ba ta tafi ba, ta dai fara haɗa kaya
kamar ɗan hayar da aka ba takardar tashi.
Zariyar wando ta sami rara.
Jiya na saɓa bandir uku na shadda har hawa na biyu,
na isa da sauran numfashin amsa sallama.
Yaron shago ya tsaya da hannu a buɗe,
bai san abin da zai ɗauka ba.

Gari na wayewa.
Adaidaita sun fara kuka ta titin Kurna.
Malam Sagiru ya leƙo ta katanga,
ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rage murya:
Simintin nan, akwai saura?

Ban iya amsa masa ba.
Goma sha tara, in ji Bara'atu.
Hannuna na rawa, gumi na ɗiga daga gemu,
ƙasa na kirana da sunana,
ni kuma na yi kamar ban ji ba.